Buhu Ashirin Kawai

Babana dillalin hatsi ne. Wata la'asar, ina ɗan shekara goma, ina zaune a rumfarsa cikin ƙanshin riɗi, sai ga Alhaji Sale mai motoci ya shigo da zafinsa.

"Malam Idi, riɗi zai yi tsada bayan kaka. Kama mini buhu ɗari biyu tun yana gona."

Baba ya dube shi ya ce, "Ashirin zan kama maka, Alhaji. Iya abin da ko ya faɗi za ka iya barci."

"Kai dai tsoro ne ya hana ka arziki."

Alhaji ya koma wajen wani dillalin, la'adar da za ta ciyar da gidanmu wata guda ta bi shi. Ranar na ji kunyar Baba, har na ƙi ɗaukar masa buta zuwa masallaci.

Yau gadi nake yi a unguwar Al-Sadd, can ƙasar Larabawa. Gumina na shekara biyu na zuba a cinikin farashin mai ta waya, ban shawarci kowa ba, ya narke cikin mako guda. Laifina ne, na sani. Da ma Baba yana raye ya hana ni, ko da zan yi fushi da shi.