Sha Bakwai ga Maris

Ina shirin ɗora alƙalami a kan tsohon littafin gidanmu ke nan 'yata ta riƙe mini hannu.

"Haba Baba! Littafin nan fa ya shekara ɗari shida. Gobe mutanen jami'a za su zo ɗaukarsa."

"Kakanninki ba su nemi izinin jami'a ba kafin su mutu."

Littafin addu'a ne na fatar maraƙi, gefen shafukansa cike da furannin zinariya da birai masu busa sarewa. A kalandar da ke farkonsa gidanmu ke rubuta mamatansa, kowa a ranarsa, kusa da sunan waliyyin da ake tunawa da shi a ranar. Da wannan jerin masana suka gano hannayen da littafin ya bi. Matata ce kaɗai ba ta shiga ba, wata uku da binne ta.

Na buɗe watan Maris, na bi da yatsa har sha bakwai, ranar da ta rasu. An riga ni. Ga sunanta da shekarar, da shuɗiyar tawada, an rubuta a tsanake.

"Au, ashe ka rubuta tuni?" in ji 'yata.

Shekara arba'in ina karanta irin wannan rubutu a takardar cefane. Na matata ne, ita ta rubuta ranar da hannunta. Likita kuwa cewa ya yi zuciyarta ce ta tsaya ba zato.