Direban da Ya Soke Inshora Mota na Hannunsa

Tunda ka ce gobe za ka je ka soke inshorar motarka don kawai an yi maka tayin sayenta, to ajiye makullin nan ka ji abin da ya sami wani direba, kada wata rana ka ce ba a gaya maka ba.

Shi wannan direba mota ɗaya gare shi da yake jigilar fasinja, ita ce gonarsa, ita ce rumbunsa. Da bashin ƙungiyar direbobi ya saye ta, su kuwa suka tilasta masa yin inshora mai tsada, irin wadda ko bango ka daka kamfani ne zai gyara. Ya gama da ƙungiya, amma inshorar shekarar da saura, kullum ya tuna sai ransa ya sosu. Cewa yake tun yana saurayi yake kan titi ko akuya bai taɓa bugewa ba, wasu ne kawai ke zaune a ofis mai sanyi suna cin guminsa. Da ciwon baya ya matsa masa, sai ya yanke shawarar sayar da motar ya kama shagon kayan gyara. Dillali ya kawo wani mai hatsi daga wani gari, mai hatsin ya zagaya ta, ya shuri taya, aka ja aka ja har direba ya sallama. Aka sha hannu, aka shafa fatiha. Mai hatsi ya ce a kai masa ita gida ranar kasuwarsu, yayansa ya sa mata albarka, a can zai biya. Ko kafin alƙalami bai ajiye ba. Amma a wurin direba an sha hannu ai magana ta ƙare, don haka tun kafin la'asar yana ofishin inshora, wai a soke a mayar masa da ragowar kuɗinsa. Ma'aikaciyar ta dube shi ta ce, "Baba, motar ta bar hannunka kuwa?" Ya ce, "'Yar nan, an shafa fatiha. Ke dai ba ni canjina." Ta gaya masa yana sa hannu kariya ta yanke nan take, kuɗi kuwa sai an bi layi, makonni ne. Ya ce ya ji. Mai kwaɗayi ai da ido yake ji, ba da kunne ba.

Ranar kasuwa ya kama hanya, a nan ne abin ya fara cinsa. Hanyar da yake bi ido rufe ta zame masa baƙuwa. Babur ya gifta sai ya rage gudu, saniya ta ɗaga kai a gefen titi sai ya taka birki, ji yake kamar ya fito kasuwa ba wando. Ya dai lallaɓa ya isa, yana cewa da ya miƙa makulli shi ke nan, wahalar ta koma wuyan wani. Sai ga yaya, dattijo mai sanda, ya leƙa ciki ya leƙa but, wurin zuba kaya, ya tambayi ƙanensa buhu nawa za ta ɗauka. Yayan ya ce mai hatsi akori-kura yake bukata, ba motar kai amarya ba. Mai hatsi ya sunkuyar da kai ya ce a yi haƙuri, a gidansu ba a tsallake maganar yaya. Aka nemi dillali, ya bi iska. Direba ya kira ofishin inshora ya roƙi a mayar masa da inshorarsa, aka ce abin da aka soke ya soku, sai dai ya kawo motar a duba a yi sabuwa. To ta ina zai kawo ta in ba ta wannan hanyar ba? Ga shi an sheƙa ruwa, ƙasa ta jiƙe sharkaf. Ya shiga ya riƙe sitiyari da hannu biyu kamar ɗan koyo, bakinsa bai huta da addu'a ba, ransa kuma na ta jera masa abin da zai rasa: shagon da ya riga ya yi wa magana, abincin gida, mutuncinsa a tasha. Yana cikin haka tirela ta taho tana zuba oda. Da a da ne, da ya tsaya a hannunsa sun wuce juna ko kallo bai yi ba. Amma tsoro ya sa ya kauce fiye da kima, taya ta hau laka, motar ta sulale ta kifa cikin kwalbati. Ya fito ko ƙwarzane babu, ita kuwa ta lanƙwashe kamar gwangwanin da aka taka.

Kuɗin inshora sun zo daga baya, ba a cuce shi ko sisi ba, sai dai ko ladan janwen da ya jawo gawar motar ba su cika ba. Yanzu yana tasha yana kiran fasinja a motocin yaran da shi ya koya wa tuƙi. Saboda haka kai ma bari kuɗin mai saye su shiga aljihunka, makulli ya shiga nasa, sannan ka je ka soke abin da za ka soke. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, don ganin hadari ba a zubar da ruwan tulu.