Hulunan Minista

Babana wankin hula yake yi a Hayin Banki. Ya daɗe yana wanke wa wani babban ɗan siyasa huluna, tun kafin a ba shi minista. Mutumin nan kullum yana rediyo yana cewa a riƙe al'ada, a girmama na gaba.

Shekarar da na gama firamare na ci jarrabawa, amma ban samu gurbi a sakandare ba. Layi biyu a takarda da sa hannun Minista sun isa a ɗauke ni. Wata Asabar bayan la'asar Baba ya ɗora min kwalin huluna, muka tafi gidansa a Doka. Har yau ina jin ƙanshin sitacin nan.

Tun daga ƙofa muka tuɓe takalma, muka durƙusa. Baba ya yi bayani, murya ƙasa-ƙasa. Minista ko kallona bai yi ba, hula yake juyawa yana duba karinta.

Ya ce, "Malam Sule, ba ka da na biyu a aikin nan. In yaron ya tafi boko, wa zai gaje ka? Kowa ya tsaya inda Allah ya ajiye shi."

A lokacin 'ya'yansa uku suna karatu a Ingila.

Ban sake shiga aji ba. Ministan ya mutu tuntuni, kuma irinsu ba sa ƙarewa, na daina ɓata raina a kansu. Abin da ya ƙi barina shi ne da muka fito titi, Baba ya dafa kafaɗata, fuskarsa cike da murna, ya ce, "Ka ji yadda ya yabi aikina?"