Malamar da Babur Ya Fi Ƙafarta Tsawo

Ranar Talata, tara ga watan Rajab, da hantsi, aka fara wannan rashin adalci. A ranar ne wata ma'aikata ta raba wa malamanta na yaƙi da jahilci babura irin roba-roba, domin su riƙa shiga ƙauyuka. Duka girmansu ɗaya, sai ka ce da ma'auni ɗaya aka auna 'yan Adam. Cikin waɗanda suka samu akwai wata malama gajeriya, wadda ta shekara goma sha ɗaya tana koya wa matan aure karatu, rabin hanya a motar haya, rabi a ƙasa. Ta hau nata a farfajiyar ofis, ta zaga sau ɗaya lafiya lau. Da ta zo tsayawa ta miƙa ƙafa, ƙafa ba ta sami ƙasa ba. Babur ya kwanta, ya kwantar da ita. Shugaban ma'aikatar, wanda ya kamata ya riga kowa cewa sannu, shi ya riga kowa dariya. A gaban mutum talatin da biyu ya ce, "Malama, ko a haɗo miki da tsani?" Bai tsaya nan ba, sai da ya yanke hukunci: in wata ya ƙare ba ta iya hawa ba, a karɓe babur, a ba wani malami ajinta, ita kuma ta dawo ofis tana jera takardu. Ajin nan kuwa mata arba'in ne a cikin gida, waɗanda namiji ba zai shiga ya koyar da su ba. Cire ta daidai yake da rufe ajin, kuma shugaban ya san haka.

Daga nan shawara ta yi ta sauka kamar ruwan marka. Direban ofis ya ce a rage iskar taya. Aka rage, babur ya riƙa lilo da ita a cikin yashi. Wata abokiyar aiki ta aro mata takalmi mai tudu, ranar farko ƙafarta ta gurɗe. Bakanike ya ɗauko zarto zai yanke sifirin na baya, ta riƙe hannunsa, domin ta san ramukan hanyarta, ta san gindin babur zai riƙa dukan ƙasa. Duk wanda ya zo sai ta gaya masa abu ɗaya: ba tsawon babur kaɗai ke damun ta ba, faɗin kujerar ne. Kujerar tana ware mata ƙafafu, kafin su sauko ƙasa tsawonsu ya ƙare a hanya. Ba wanda ya saurare ta, domin mutumin da aka riga aka yi wa dariya, maganarsa ba ta da nauyi a kunnen jama'a.

Saura kwana uku wa'adi ya cika, ta tura babur da hannu har bakin kasuwa, wurin wani tsohon baduku mai ɗinkin kujerun babura. Shi wannan bai ba ta shawara ba. Ya riƙe mata kan babur ya ce, "Hau in gani, 'yata. Ina yake hana ki?" Ta ɗora hannu a gefe biyu na gaban kujerar. Ya ce, "To, ke ce mai gani, ni wuƙa ce kawai. In ya isa ki ce ya isa." Ya farke fatar, ya shiga fere soson kamar mai fere rogo, gefe da gefe sosai, daga sama kuwa kaurin yatsa biyu kawai ya ɗebe. Ta hau, yatsun ƙafarta suka taɓa ƙasa. Ya ƙara ferewa, ta hau, rabin tafin ƙafa ya sauka. A karo na uku ƙafafunta biyu suka zauna daram a ƙasa, babur na tsaye a ƙarƙashinta kamar jakin gida. Ta sauke wani dogon numfashi da ta yi kusan wata guda tana riƙe da shi, ta yi hamdala. Tsoho ya yi dariya yana zura zare a allura, ya ce, "Ƙasa dai ga ta nan, ba ta taɓa gudun kowa ba." Washegari ta tsaya a shataletale uku ba tare da ta karkata ba, ta isa ƙauye kafin azahar, matan suka tarbe ta da guɗa, aka buɗe littattafai daga shafin da aka tsaya.

Malama ta huta, aji ya tsira, amma magana ba ta ƙare ba. Har yau shugaban nan bai ce komai ba, yana wucewa ta gefenta yana duban agogo. Wannan bai isa ba, kuma saƙon baki ta hannun masinja ma ba zai isa ba. Dole ne ya tara ma'aikatansa, ya miƙe tsaye, ya ambaci sunanta, ya ce ya yi kuskure, ya nemi ta yafe masa. Duk mai riƙe da jama'a kuma, kafin ya yanke wa wani hukunci a kan abin da ya gagare shi, ya fara tambayarsa inda abin yake hana shi, ya kuma tsaya ya ji amsa. Hausawa sun riga sun faɗa: mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.