Sa Hannun Jan Biro

Jami'in da ke karɓar takardun masu neman makarantar likitanci ya bi shaidar karatunta da yatsa, layi bayan layi. Kimiyyar halittu, ta ci. Kimiyyar sinadarai, ta ci har da ƙari. Da ya zo layi na tara sai ya tsaya, ya turo mata takardar ta ƙasan gilashin taga.

A gaban kwas ɗin rubutun Turanci babu maki. Abin da aka rubuta kawai shi ne: an ɗauke mata.

Maman tagwaye ta yi masa bayani a tsanake. Shekara goma sha huɗu da suka wuce, a makonsu na farko a kwaleji, an yi musu gwajin Turanci ta zo ta ɗaya, aka ce zaman ajin ɓata mata lokaci ne. A ranar, babanta har maƙwabta sai da ya bi gida-gida yana faɗa musu.

Jami'in ya ce shi dai na'urarsa ba ta san wani an ɗauke ba, maki take so. Ta buɗe baki za ta ƙara magana, ya ɗaga mata hannu, ya zaro wani fom mai shafi ɗaya. Hanya ɗaya ce ta rage: mai koyar da kwas ɗin a kwalejinsu ta sa hannu cewa wannan ɗaliba ta zauna ajinta, ta kuma rubuta jarrabawarta. Ranar Juma'a ƙarfe huɗu ake rufewa.

"Sai dai ki dage da addu'a, Hajiya," in ji shi. "Matar da ke wurin yanzu, Jan Biro suke ce mata. Ban taɓa ganinta ba, amma duk wanda ya zo tagar nan daga kwalejinku da kukanta yake zuwa."

Ta ninke fom ɗin, ta cusa shi cikin jakarta da ta riga ta cika da takardu.

Abin da ya tsaya mata a rai shi ne shekaru. Makarantar ba ta ɗaukar wanda ya haura talatin da biyar, ita kuwa saura wata uku ta haura. Tun tana yarinya likita take son zama. Ciwon babanta ya sa ta kama aikin da ta samu, aure ya zo, tagwaye suka zo, sai bana ta samu ta ɗago kai. Shekara biyu ta yi tana bita a kicin, littafi a jingine da tukunya.

Ranar Talata ta rubuta wa kwamitin ɗaukar ɗalibai wasiƙa shafi uku, ta fayyace musu komai, ba ta ɓoye ko ɗaya ba. Amsa ta zo a layi biyu. Sun yaba da kyan rubutunta, amma ƙa'ida ƙa'ida ce: ko maki, ko fom.

Ranar Laraba ta je wurin shugaban sashe a kwalejin. Ya dubi fom ɗin, ya dube ta, ya tuntsire da dariya. Da ya ga ita ba dariya take ba sai ya haɗiye tasa. Ya ce shi ba zai iya sa hannu ba, ba shi ke koyar da kwas ɗin ba, kuma ita ma ta san babu wani malamin sai guda ɗaya. Kwas na gaba kuwa sai bayan wata huɗu.

A gida maigidanta ya rasa inda zai sa kansa. Ya bar keken ɗinkinsa ya biyo ta kicin, tana goge wani jan tabo a yatsarta da soso.

"Maman tagwaye, sa hannu ne fa, ba kisan kai ba. Wa zai sani?"

"Jan Biro za ta sani."

Ya koma kan kekensa, don ya fi kowa sanin halin matar.

Kowa ma ya san labarin bara. Wata yarinya ta rasa jarrabawar kwas ɗin saboda tana jinyar mahaifiyarta a asibiti. Ta kawo irin wannan fom ɗin, ta durƙusa a ofis tana kuka kamar ranta zai fita. Jan Biro ta ɗago ta, ta ba ta ruwa, ta ce ba za ta shaidi abin da bai faru ba. Yanzu yarinyar tana tsaron kantin magani a bakin titinsu. Duk sanda Maman tagwaye ta je sayen maganin tari, ita ke miƙo mata, ta gaishe ta da ladabi, idonta a ƙasa.

Ranar Juma'a ƙarfe uku da kwata ta hau benen kwalejin. Daga nan zuwa tagar jami'in tafiyar minti ashirin ce, in an samu mota da wuri. Tsoro take ji, da kunya, da wani baƙin cikin da ta rasa wanda za ta ɗora wa.

Ofishin Jan Biro shi ne na ƙarshe a barandar. A kulle yake. Wasu ɗalibai biyu da ke zaune a ƙasa suna jira suka miƙe tsaye.

Ta daɗe a bakin ƙofar, fom ɗin a hannunta, gurbin sa hannu fari fat. Layi ɗaya ne. Ko daƙiƙa uku ba zai ci ba. Ta tuna littafin da ke jingine da tukunya, ta tuna idon yarinyar kantin magani. Agogon baranda ya nuna huɗu saura kwata, tana kallonsa, ba ta motsa ba.

Ta yaga fom ɗin gida biyu, ta share fuskarta da gefen mayafi. Sannan ta zaro makulli daga jakarta ta buɗe ofishin, ta ce wa ɗaliban su shigo da rubutunsu, ta zauna a kujerarta, ta cire marfin jan bironta.