Taswirar Wata a Shagon Lukuman

Rediyo Sule ya kai gyara, amma bangon shagon ya tsaya kallo.

Manyan takardu biyu ne a liƙe, gefensu ya ci don tsufa. Ɗaya toka-toka ce, duk ramuka kamar fuskar wanda ya yi agana, ɗayar kuma ja kamar ƙasar tudu. An ja musu layuka a tsaye da a kwance, ga lambobi, ga ƙananan rubutun boko ko'ina.

Lukuman, mai gyaran rediyon da ya sauka Gwandu bayan damina, ya ce mai tokar taswirar wata ce, jar kuwa ta wata duniya ce da Turawa ke kira Mas. Wani Bature malamin makaranta da ya yi wa aiki a Zariya ne ya bar masa su, shi kuma ya manna don ado.

Sule ya ƙara duban layukan. A ransa ya ce, wa ya hau wata da igiyar awo?

A shekarar ake ta raɗe-raɗin wani attajiri na neman fadama don ya noma shinkafa da injuna, har an ce ya turo safiyo, mai awon ƙasa, a ɓoye. Sule kuwa ba shi da komai sai fadamar da ya gada, inda yake albasa.

Ranar kasuwa ya ba Haruna labari. Haruna mai sayen albasa ne daga Kalgo, yana zuwa a kan babur, mutum mai fara'a da kyautar goro, ba ya taya kaya da wulaƙanci. Ya saurara da kyau, sannan ya ce a kai shi ya gani. Suka shiga shagon da sunan sayen batir.

Da suka fito sai da suka yi nisa kafin Haruna ya rage murya.

"Malam Sule, ni dai ban ce komi ba. Amma baƙin wurin nan na hannun dama, bai yi maka kama da tafkinku ba?"

Washegari Sule ya koma ya sake dubawa. Tafkin ne. Da ya ƙara zura ido sai ya ga rijiyoyinsu a ƙananan ramukan, ya ga burtalin shanu a wani dogon tsagi. Kuma kowa ya san bayan la'asar Lukuman kan hau tudun bayan gari da wani bututu mai gilashi, wai jiran fitowar wata yake. Daga tudun nan ana hango fadama kaf.

Magana ta bazu. Manoma suka taru a ƙofar gidan Sule, kowa na faɗin tasa, babu mai dabara. Haruna ne ya kwantar musu da hankali. Ya ce mutanen takarda da takarda ake yaƙarsu, don haka kowa ya san iyakarsa, ya san shaidunsa, kafin a zo a same su a barkatai. Ya ce shi ya ɗan zauna da ma'aikata a Birnin Kebbi, zai taimaka don Allah.

Sule da kansa ya zagaya da shi. Ya nuna masa inda gonar mahaifinsa ta tsaya, da gonakin da masu su suka rasu magada na can Ikko, da waɗanda ke da takardar hakimi, da irinsu shi da sai bakin dattawa. Haruna na tafe da dogon taku, leɓɓansa na motsi. Sule ya yaba a ransa, ya ce bawan Allah ko a gona bai bar zikiri ba.

Dije, matar Sule, ta ce bana albasa ta yi kyau amma Haruna bai ɗauki ta kirki ba. Sule ya ce mutumin da ya ajiye cinikinsa don matsalarsu, ai godiya ta kamace shi.

Aka daina kai wa Lukuman gyara. Aka daina amsa sallamarsa. Wata Juma'a bayan an sauko, mutane suka cika masa shago, Sule a gaba.

Lukuman ya tsaya jikin bango, ya dubi Sule.

"Baba, ku kai wa duk malamin makarantar da kuka yarda da shi ya karanta muku. Wallahi wata ne."

Wani ya ɗaga sanda, Haruna ya riƙe, ya ce kada a taɓa shi, a dai raba shi da takardun. Sule ya fizge su daga bango, ya cinna musu ashana a bakin titi. Kafin magariba Lukuman ya ɗaure akwatin kayan aikinsa ya hau motar Jega, bai yi sallama da kowa ba.

Hankalin Sule ya kwanta. Har buhun albasa ya aika wa Haruna Kalgo, na godiya.

Ana gab da shuka, wata safiya aka ji ƙugin motoci a fadama. Sule ya ruga da fartanya a hannu, yana cewa lallai ɗan banzan nan ne ya dawo da iyayen gidansa. Ya tarar da babbar mota cike da turakun siminti, ga wata ƙaramar jif a gefe, ga ma'aikata na kafa wani ƙarfe mai ƙafa uku a bakin tafki. Ya bi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Babu Lukuman.

Shugaban leburorin ya je jikin jif ɗin, ya rusuna.

"Ranka ya daɗe, Safiyo, daga ina za mu fara?"

Ƙofa ta buɗe, Haruna ya sauko da naɗaɗɗiyar takarda a hammata, ya nuna gonar Sule da baki, ya ce, "Daga wannan, mai ita ba shi da takarda."