Ledojin Ƙarƙashin Katifa

Leda arba'in da uku matar mai gyaran firji ta zazzage a kan teburin cin abinci: ta biskit, ta cakulan, ta soyayyen dankali, har da gwangwanayen lemo da aka take suka lanƙwashe. Duk daga ƙarƙashin katifar Auta ta zaƙulo su. Mijin yana tsaye bakin ƙofa da jakar kayan aikinsa. Ya wuce ya kwankwaɗi ruwa kofi biyu.

Auta 'yarsu ce, shekararta sha biyar, yarinyar da lissafi ke yi wa biyayya. Wata biyu ke nan tana gyangyaɗi a aji, idanu duk sun faɗa. Malaminsu ya aiko da takarda cewa in ta ƙara kifa kai a kan tebur sau ɗaya, zai cire sunanta daga gasar makarantu, gasar da ta shekara tana yi wa shiri.

An kai ta asibiti. Likita ta auna nan, ta latsa can, ba ta ga ciwo ba. Sai ta tambayi abin da yarinyar ke ci, ta ce matasan da suka saba da kayan leda da lemon gwangwani sau da yawa barcinsu ba ya nisa, su kwana suna juyi, su tashi a gajiye. Uwar ta yi rantsuwa cewa ba a gidanta ba. Tun bara da ciwon sukari ya kayar da maigidan a tsakar falo, ko ƙwayar alewa ba ta bari ta tsallako ƙofa.

Yau ga shaida ta cika tebur.

"Ni za ki kunyata a gaban likita? Wa ke saya miki?"

Auta ta sunkuyar da kai. Ba ta yi musu ba, ba ta kuma kalli kowa ba.

Aka karɓe wayarta, aka yanke kuɗin tara na makaranta, aka hana ƙawaye zuwa. Uwar ta juyo kan mijin, ta ce shi ma ya yi magana mana, ba ya tsaya kamar an dasa shi ba. Ya yi gyaran murya, ya ce, "Ki riƙa jin maganar mamanki." Iyakar jarumtarsa ke nan, mutumin da ke saɓa firji a baya ya hau bene hawa uku.

Kwana huɗu abin yana cin sa. A shago ya ɗaura wa wata mata injin da ba na firjinta ba, sai da ta dawo da faɗa. In ya ga Auta tana tura dafaffen ganye, sai ya ture nasa kwanon gefe. Kunya yake ji, irin wadda bai taɓa ji ba tun da ya zama uba. Ga shi kuma an share ɗakin tas, amma idanun yarinyar ba su sauya ba.

Ran Litinin malamin ya kira. Ta sake yin barci, ana tsakiyar gwaji. Gobe zai miƙa sunaye.

Uban ne ya je ɗauko ta. Ya tsayar da mota a gefen titi, ya kashe, ya riƙe sitiyari da hannu biyu.

"Auta, ki yafe mini. Yau zan yi wa mamanki magana, in je in sami malaminku. Amma ki gaya mini tsakani da Allah, me ke hana ki barci?"

Ta daɗe tana murza igiyar jakarta. Da ta ɗago, hawaye ya riga ya kai haɓa.

"Baba, kwashe ledojinka kafin Mama ta tashi ba wahala ba ne. Amma duk daren da ka shiga ɗakin ajiya ka ci, ba na iya runtsawa sai na ji ka tashi da asuba da ƙafarka."